Darasi na 9: Kafin ka dangwala yatsa a takardar tallafin noma

Toh jama'a, duk wanda ya taɓa bin layin taki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san yadda ake yi, a miƙo maka takarda a ce dangwala nan, kai kuma idonka na kan buhu, ba ka ma tambayi me aka rubuta ba. Yau kalmomi 3 za mu koyi ganewa a takarda: KYAUTA, RANGWAME, BASHI.

Kyauta dai kowa ya santa. Rangwame shi ne gwamnati ta biya wani kaso kai ka cika sauran, kamar tsarin tallafin taki na GES na 2012 lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma, saƙo ne zai shigo wayarka sai ka je wajen dila ka ɗauki buhu 2 na taki a rabin kuɗi.

Bashi kuwa sunansa bashi ko da ba tsabar kuɗi aka danƙa maka ba, kuma nan ne mutanenmu suka fi shan wuya. Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wanda Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, iri da taki da maganin feshi aka riƙa bai wa manoman shinkafa a kan in an yi girbi su biya da shinkafa ko kuɗi, amma da yawa suka ɗauka kasonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma ko gida ba su kai takin ba suka sayar, ranar biya ta zo ga suna ga BVN a rubuce, aka koma wasan ɓuya. Don haka kafin yatsanka ya taɓa tawada ka tambaya: nawa zan biya? yaushe? in ambaliya ko fari ya cinye gonar fa, akwai inshora a ciki? In an ce akwai na NAIC, wato hukumar inshorar noma ta ƙasa, to ranar da ɓarna ta faru ka kai rahoto da wuri, kar ka share gonar sai sun zo sun gani da idonsu.

Ina ake farawa in ana neman tallafin? Wajen malamin gona. Yana ƙarƙashin hukumar raya aikin gona ta jiha: a Kano KNARDA, Katsina KTARDA, Jigawa JARDA. Galibi ba a bai wa mutum shi kaɗai, sai ƙungiya mai rajista, kuma ka tanadi NIN, asusun banki, da layin waya mai sunanka, ba na ɗanka da ke Legas ba. Lambar sirrin katin ATM kuwa ba ruwan kowa da ita, duk wanda ya nema ɗan damfara ne.

Akwai kuma tallafin da ba ya zuwa a buhu, shi ya sa ba a rububinsa, ni kuwa a ganina ya fi daɗewa a gona. Misali shirin ACReSAL, da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disamban 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa gyaran ƙasar da ta gaji ne, tare zaizaya da kwazazzabai, da dashen itatuwa. In an ba ƙungiyarku dashe ku tuna akuya ba ta san na gwamnati ba ne, sai an kewaye shi da ƙaya an ba shi ruwa ya tsallake ranin farko. Wani ma ba sai an dasa ba, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona, su bar tsiro 2 ko 3 masu ƙarfi su sassabe sauran, yau ga gawo cike da gonakinsu. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmomin nan 3 sau biyar-biyar. Wanda ke da tsohuwar takardar taki ko ta bashi a ajiye ya zo mana da ita ranar Asabar, mu nemo su a ciki tare.