Yadda wanda ya gama jami'a zai nemi tallafi kafin ya samu aiki a Najeriya

Yawancin ɗalibai idan sun gama jarrabawar ƙarshe sukan tambaya ko gwamnati tana biyan wani alawus ga wanda ya kammala karatu bai samu aiki ba. A Najeriya babu dokar da ta ba mutum haƙƙin karɓar kuɗi duk wata saboda ba shi da aikin yi. Ko a ƙasashen da ake biyan irin wannan kuɗi, sau da yawa inshora ce da ma'aikaci yake zubawa daga albashinsa. A Afirka ta Kudu, alal misali, ana cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 1, don haka wanda bai taɓa aiki ba ba shi da rabo a asusun. Abin da ya fi kusa da wannan a gida shi ne damar da dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aikinsa, cewa idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba zai iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara, kuma sabon mai digiri ba shi da wannan asusu tukuna.

Abin da ya rage maka shi ne shirye-shiryen da ake buɗewa na ɗan lokaci a rufe, kuma wanda takardunsa suke a kammale shi yake riga kowa shiga.

Saboda haka ka fara da takardu tun kafin sakamako ya fito. Ka ɗauko lambar NIN, da BVN, da takardar JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, ka jera su ka duba yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka a kowacce. Matsalar bambancin suna ta fi damun mu, domin suna ɗaya yakan fito Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku, wani kuma sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a makaranta alhali sunan mahaifinsa ne a banki. Kwamfutar da take tantance masu nema ba ta san mutum ɗaya ne ba, ajiye shi kawai za ta yi gefe, kuma babu wanda zai kira shi ya faɗa masa dalili. Idan ka ga bambanci, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, sannan ka nemi gyara a hukumar NIMC mai ba da lambar NIN da kuma bankinka, kana sane da cewa gyaran yakan ɗauki makonni. Ka tabbatar sunanka yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da shigarsu makaranta, domin in babu shi hukumar NYSC ta masu bautar ƙasa ba za ta kira ka ba. Ka haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma da hoton fasfo, ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a imel ɗinka, kuma ka riƙe layin waya ɗaya da imel ɗaya waɗanda ba za ka canja ba.

Kuɗi mafi tabbas da mai digiri ko babbar difloma zai samu daga gwamnatin tarayya shi ne alawus na bautar ƙasa. An kafa NYSC a 1973, kuma alawus ɗin da ya tsaya a naira 33,000 tun 2020 ya koma naira 77,000 a watan Maris na 2025, bayan an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala karatu takardar ɗauke masa bautar ake ba shi, babu alawus, amma lallai ya karɓi takardar domin za a neme ta wajen ɗaukar aiki. Matar aure kuwa tana iya neman a mayar da ita jihar da mijinta yake zaune.

A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan alawus kamar albashin da ba zai yanke ba. Wata goma sha biyu ne, kuma ranar da aka miƙa maka takardar sallama kuɗin ya tsaya cak. Wanda ya daure yana ajiye naira 15,000 duk wata zai fito da naira 180,000, abin da zai iya sayen keken ɗinki ko kayan gyaran waya, ko ya riƙe shi kuɗin mota da na data a watannin neman aiki. Na san tsadar rayuwa ta sa wannan ba abu ne mai sauƙi ba, musamman ga wanda ake jiran taimakonsa a gida, amma ko rabin haka ya fi fitowa hannu rabbana. A sansanin horo na mako uku akwai shirin koyar da sana'o'i na SAED, wanda aka fara a 2012. Ka zaɓi sana'ar da ake nema a garin da za ka koma, ka ci gaba da zuwa wurin mai koyarwa bayan an tashi daga sansani, domin 'yan kwanakin can ba sa isa mutum ya ƙware.

Bayan bautar ƙasa, ka je ofishin hukumar samar da aikin yi ta NDE na jiharka ka yi rajista, domin takan tura masu digiri ma'aikatu da kamfanoni su koyi aiki na 'yan watanni da ɗan alawus. Akwai shirin NJFP da gwamnati ta ƙaddamar a 2021 tare da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yake tura matasan da suka gama bautar ƙasa aikin shekara ɗaya, kuma rukunin farko naira 100,000 aka riƙa biyan su a wata. Shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa, da aka fara a 2023, horo ne kyauta kan fasahar zamani, saboda haka kada ka shiga kana jiran albashi. Mai tunanin kasuwanci zai iya neman tallafin Gidauniyar Tony Elumelu, wadda take buɗe rajista a farkon Janairu kuma take ba waɗanda suka yi nasara jarin dala 5,000 da ba a mayarwa, sai dai masu nema daga duk faɗin Afirka suke, kuma sai da tsarin kasuwanci a rubuce.

Ka nemi fiye da ɗaya a lokaci guda, kada ka jingina rayuwarka ga ko wanne. Shirin N-Power ya isa darasi: tun 2016 yana biyan masu digiri naira 30,000 a wata, sai aka dakatar da shi a Oktoban 2023 alhali mutane da yawa suna bin bashin watanni.

Rajistar waɗannan shirye-shirye kyauta ce. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka, ko ya aiko maka da adireshi ta WhatsApp yana neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ɗan damfara ne. Adireshin yawancin hukumomin gwamnati yana ƙarewa ne da gov.ng, kuma idan a shagon intanet za ka cike fom, ka zauna a gaban mai cikewa ka karanta kowane layi kafin ya tura, sannan ka canja kalmar sirrinka da kanka.

Wanda ya yi karatu da bashin NELFUND, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai rancen karatu, ya riƙe lissafin bashin daban. Bashin ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Idan lokacin ya yi ba ka samu aiki ba, ka sanar da hukumar a rubuce tare da takardar rantsuwa ta kotu ka nemi a ɗaga maka ƙafa, ka kuma ajiye kwafin duk abin da ka aika.