Darasi Na 7: Idan 'Yan Sanda Sun Kama Ka

Jama'a, darasinmu na yau kan kamu ne, don da wuya a samu unguwar da ba a taɓa tafiya da wani caji ofis ba.

A kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, babi na 4 ne ya tattara haƙƙin ɗan adam, daga sashe na 33 zuwa na 46. Namu na yau shi ne na 35. Ya ce in an kama ka dole a sanar da kai dalili a rubuce cikin awa 24, kuma da yaren da kake ji, in Hausa kaɗai ka iya to da Hausa. Kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya ko wani wanda ka zaɓa, saboda haka kar ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, wallahi nan mutane da yawa suke jefa kansu cikin wahala.

Sannan ba a ajiye mutum a sel yadda aka ga dama. In akwai kotu cikin kilomita 40 kwana ɗaya ne a kai ka gaban alƙali, in babu kwana biyu, sai dai in laifin da ake zargi mai hukuncin kisa ne. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne, duk da mun san abin da ake yi. Kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu, haka rikicin bashi tsakaninka da wani ba na sel ba ne.

Duka ko azabtarwa don mutum ya amsa laifi, sashe na 34 ya haramta, akwai ma doka ta musamman a kansa tun 2017. Ba mu kaɗai ba ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi haka tun 10 ga Disamba 1948, yarjejeniyar haƙƙin ɗan adam ta Afirka ta 1981 ma haka, kuma wannan yarjejeniyar Najeriya ta mai da ta dokar gida.

In an tsare ka ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 46 ya ba ka damar kai ƙara babbar kotu, tana iya sa a biya ka diyya a kuma ba ka haƙuri a bainar jama'a. Marar kuɗin lauya ya je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kai koke can ba a biyan ko sisi.

Aikin gida: an kama maƙwabcinka yau kwana huɗu ba a kai shi kotu ba. Rubuta jimla uku da za ka faɗa wa DPO.