Darasi na Bakwai: Kula da Bawul ɗin Sandar Wanke Gilashi da Gyaransa

Gine-gine masu fuskar gilashi sun yawaita a Yamai, musamman tun shekarar 2019 da birnin ya karɓi baƙuncin taron ƙolin Tarayyar Afirka, aka buɗe manyan otal-otal irin su Radisson Blu. Ƙurar hunturu kuwa ba ta barin gilashi ya daɗe da haskensa, don haka wanke tagogi ya zama sana'ar da magidanci zai iya ciyar da iyalinsa da ita. A darasin baya mun koyi yadda ake miƙar da sanda a kai buroshi bene na biyu ko na uku ba tare da an hau tsani ba. Yau za mu tsaya a kan bawul, wato ɗan ƙaramin makunnin da ke buɗe ruwa ya kuma rufe shi, domin ranar da ya ƙi aiki sandar duk tsadarta sai ajiya.

Hanyar da ruwa ke bi

Ruwa yana tasowa daga bido ko tanki, ya ratsa ƴar rariya, ya shiga famfo mai aiki da batir ɗin volt 12. Famfon nan yana tura shi da matsin da ke kusantar bar 7 (bar shi ne ma'aunin matsi) cikin dogon tiyo, daga nan ya shiga siririn tiyon da ke cikin sanda, wanda faɗin raminsa milimita 5 ne, kaurinsa ta waje kuma milimita 8. A ƙarshe ruwan yana fita ta ƙananan kafofin da ke jikin buroshi, waɗanda galibi ba su wuce milimita 2 ba. Bawul yana zaune a wani wuri a kan wannan hanya.

Iri biyu ne za ku fi cin karo da su. Na farko ƙaramin robine ne mai ɗan kunne, wanda ake murɗawa rubu'in zagaye ya buɗe ko ya rufe, kuma ana ɗaure shi a gindin sanda ko a ƙugun mai aiki. A cikinsa akwai ƙwallo mai huda da ke juyawa tsakanin wasu zobba biyu. Na biyu shi ne na ja, irin Univalve, wanda ake sakawa can sama kusa da buroshi: idan aka fizgi tiyo sau ɗaya ruwa ya zo, idan aka sake fizga ya ɗauke. Na ja ya fi daɗin aiki, tun da hannu biyu suna kan sanda, amma yana da sifirin da ƴan ƙananan haƙora a ciki, kuma bai jure datti kamar robine ba. Ga wanda ya fara sana'a a nan, shawarata ita ce ya riƙa ajiye robine guda a jakarsa ko da yana aiki da na ja, domin shi ana iya samun makamancinsa wurin masu sayar da kayan famfo a kasuwar Katako, na ja kuwa sai an yi oda daga waje.

Abin da ke lalata bawul

Mutane da yawa suna ganin bawul ya fara ɗiga sai su ce ya tsufa, su jefar. Mafi yawan lokuta ba tsufa ba ne, datti ne ko zafi. Ƙwayar yashi guda, wadda da ƙyar ido zai gan ta, idan ta maƙale tsakanin zoben roba da mazauninsa, ta isa ta hana bawul rufewa sosai. Yashin nan yana shiga ta bakin tiyon da aka ja a ƙasa, ko ta bidon da aka bari a buɗe lokacin hazo. Da damina ma, sa'ad da kogin Kwara ya yi ja, duk wanda ya ɗebi ruwan da bai tacu ba ya zuba a tanki to ya zuba laka ne a bawul ɗinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma sukan ɗauko gishirin ƙasa, wanda in ya bushe yake barin farin ɓawo a ciki. Shi ya sa masu sana'ar nan suke tace ruwansu, su auna shi da ɗan ma'aunin TDS, wato na'urar da ke nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa, su tabbata lambar da ya nuna ba ta haura 10 ba. Ruwa mai tsabta haka ba ya barin tabo a gilashi, kuma ba ya toshe bawul.

Zafi shi ne na biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, kuma tiyon da ya yini a rana yana yin laushi ya riƙa miƙewa. In kun fizge shi a wannan hali, tiyon ne zai miƙe, jan ba zai kai ga bawul ɗin da ke sama ba, sai ku zaci bawul ya mutu alhali lafiyarsa lau. Rana tana kuma busar da zoben roba har ya tsattsage.

Ku gano cutar kafin ku kwance

Kada ku fara da kwancewa. Ku rufe bawul, ku saurari famfo. Famfon da ke da lafiya yana tsayawa da kansa idan ruwa ya rasa hanyar fita. Idan kun ji yana tashi yana mutuwa bayan kun rufe, to ruwa yana zurarewa a wani wuri, sai ku bi tiyo da busasshen hannu tun daga famfo har sama ku nemo inda ya jiƙe. Idan buroshi ne ke ɗiga bayan an rufe kuma ɗigar ba ta tsaya ba, laifin yana cikin bawul. Idan jiƙewar a mahaɗar tiyo da bawul take, to bakin tiyo ne ko zoben mahaɗar.

Idan kuwa ruwa ne ya yi rauni, ku zare bawul ɗin gaba ɗaya, ku bar ruwa ya fita ta tiyo kai tsaye. In ya fito da ƙarfi, toshewar tana bawul ko a kafofin buroshi. In ya fito da rauni, bawul ba shi da laifi, sai ku duba rariya, ku duba batir, ku duba ko tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙofa ko tayar mota.

Yadda ake gyara

Kafin kome, ku kashe famfo, ku buɗe bawul har matsin ruwan da ke tiyo ya sauka, domin mahaɗar da ke da matsi a ciki ba ta sakin tiyo, kuma in aka tilasta mata takan watso ruwa a ido. Ku sauke sanda ku kwantar da ita, ku shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a inuwa, inda ba iska. Kayan cikin bawul ƙanana ne ƙwarai, sifirin ɗin da ya faɗa cikin rairayi kuwa da wuya a sake ganinsa.

Mahaɗar turawa, wato wadda ake tura tiyo cikinta haƙoranta su riƙe shi, tana da ɗan wuya a bakinta. Ku danna wuyan ciki da yatsa, sannan ku jawo tiyo. Kada ku sa filaya ku fizge, domin haƙoran ciki za su karce tiyon ko su karye. Da bawul ya fito, ku fara da abu mafi sauƙi: ku juya shi, ku tura ruwa mai tsabta ta bakin da ruwa ke fita domin ya koro dattin ta inda ya shigo, kuna buɗewa kuna rufewa sau da yawa. Sau tari wannan kaɗai ya wadatar. Idan kun ga farin ɓawo, ku jiƙa bawul ɗin cikin farin ruwan khal da aka sirka da ruwa na kamar rabin awa, sannan ku ɗauraye shi sosai.

In har yanzu yana ɗiga, kuma irin wanda ake kwancewa ne, ku kwance a hankali, kuna jera kowane yanki a kan ƙyalle daga dama zuwa hagu bisa yadda ya fito, don ku mayar da su ba tare da ruɗewa ba. Wanda ke da waya mai hoto ya ɗauki hoton jerin. Wanda aka liƙe tun daga masana'anta kuwa kada ku fasa shi da wuƙa, domin ba zai sake haɗuwa ba.

Zoben roba shi ne ya fi cancantar ku ba shi lokaci. Ku ciro shi da tsinken sakace, ba da allura ko bakin wuƙa ba, domin ƙarfe yana karce mazauninsa, kuma mazaunin da ya karce ko sabon zobe aka sa masa zai ci gaba da ɗiga. Ku ɗaga zoben a haske, ku ɗan ja shi, ku duba ko ya tsage, ko ya baje, ko ya yi tauri. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku tafi da tsohon wurin mai shago ku gwada da sabo, faɗi da kauri duka su zo daidai. Zoben da ya ɗan fi girma zai tsuke ya yage, wanda ya ɗan gaza kuma ba zai tare ruwa ba. Kafin ku mayar, ku shafa masa giris ɗin silikon ɗan kaɗan, iya abin da zai sa ya yi sheƙi. Ina roƙonku kada ku sa man inji ko basilin ko giris ɗin babur, ko da wani ya ce muku ya gwada ya yi. Mayukan da aka samo daga fetur suna kumbura irin robar da ake yin yawancin zobban ruwa da ita, kuma abin da ya ragu zai bi ruwa ya bar maiƙo a gilashin mai gida.

Kafin ku mayar da tiyo, ku yanke bakinsa kamar santimita 2 da reza, yankan ya zama a miƙe ba a karkace ba, ku tura shi har ya tsaya, sannan ku ɗan ja baya don haƙora su kama. Farin zaren tefulon na mahaɗar da ake murɗawa a ɗaure kamar noti ne kawai, ana naɗa shi ta inda ake ɗaurewa, ba a sa shi a mahaɗar turawa. Ku gwada aikin a ƙasa kafin ku ɗaga sanda, in kun tashi ɗagawa kuma ku fara duban sama, domin sandar kabon da ta alminiyom duka suna ɗaukar lantarki, wayoyin kamfanin lantarki na NIGELEC kuwa a unguwanni da yawa suna wucewa dab da bango.

Bayan an tashi aiki

Kowace yamma ku saki matsin tiyo, ku bar bawul a buɗe, ku toshe bakin tiyo ko ku ɗaure shi da leda mai tsabta. Ku wanke rariyar famfo sau ɗaya a mako, lokacin hunturu kuma fiye da haka. Tanki ya zauna a inuwa a rufe, domin hasken rana yana tsiro da gansakuka a cikin ruwa, ita ma tana toshe bawul.

Aikin aji

Malami ya raba ɗalibai biyu-biyu, kowane rukuni ya kwance robine guda ya mayar, ya rubuta sunan kowane yanki a allo. Daga nan a yi wannan lissafi: idan buroshi yana fitar da lita 2 a minti guda, minti nawa bido mai lita 25 zai yi kafin ya ƙare? Idan kuma mai aiki yana ɗaukar minti 1 tsakanin taga da taga, bawul ɗinsa ba ya rufewa, lita nawa zai yi asara a gini mai tagogi 20, kuma bido nawa ke nan? Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa ya kawo darasi na gaba, tare da tsohon zoben roba guda da za mu koyi aunawa.