Idan bututu ya fashe da dare, ku hau sama

'Yan uwa mazauna tsofaffin unguwannin Jidda, idan bututu ya fashe a gida kada ku ruga waje wurin mita.

Ku fara kashe dinamo, wato injin da ke tura ruwa sama, sannan ku hau sama ku rufe mahbas, wato makullin ruwan da ke ƙarƙashin tanki.

Ruwan da ke malala ba daga titi yake zuwa ba, daga tankin saman gida yake saukowa da nauyinsa, shi kuma dinamo yana ta turo wani daga hazzan, wato tankin ƙasa, kafin ka farga ruwan wayit (motar tankar ruwa) da ka biya kuɗinsa ya ƙare a tsakar gida.

Bayan kun rufe, ku buɗe famfon da ya fi ƙasa ya tsiyaye. Ku yanka tsohon tub na taya, ku naɗe wurin da ƙarfi ku ɗaure da waya, zai riƙe har gari ya waye ku kira mai gyara a farashin rana.

Idan ana rusau ko sabbin gine-gine a kusa, girgizar manyan motoci tana taɓa tsofaffin bututun ƙarfe masu tsatsa, musamman wajen haɗi.

Amma fa idan mahbas ya cije kada ku matsa masa, karyewa zai yi. Gara ku gwada shi tun yau da rana.

Kuma in ruwan yana cikin bango kusa da soket, wuta za ku fara kashewa. In bayara ce, wato ramin ruwan ƙazanta, ta cika ta dawo, roba ba ta da amfani, sai motar zuƙa.