Yadda Ake Hana Taron Safe Komawa Zaman Ba Oga Rahoto

A tsarin Scrum, wato salon gudanar da aikin tawaga zango-zango, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, masu rubuta manhaja kan haɗu kullum na minti 15 su tsara aikin ranar. Taron nasu ne. Amma da zarar manaja ya shigo ya harɗe hannu a ƙirji, sai kowa ya juya gare shi yana lissafa abin da ya yi jiya, don kada a ce zaman banza yake. In kai aka ɗora wa kula da tafiyar tawagar, wato Scrum Master, gyaran yana wuyanka.

Fara da sa ido na kwana biyu ko uku. Wa suke kallo in suna magana? In oga ne, ka gano ciwon.

Daga nan ka sami manajan shi kaɗai, kada ka kuskura ka yi masa gyara a gaban ma'aikatansa. Nan ne aikin ya fi nauyi. Tambaye shi, "Yallaɓai, me kake so ka sani kowace safiya?" Galibi tsoronsa ɗaya ne: kada ranar miƙa aiki ta zo ba shi da abin faɗa wa na sama da shi. Wannan tsoro gaskiya ne, ni ban ga laifinsa ba. Nuna masa allon aiki, ko na manhajar bibiyar aiki ta Jira ne ko na bango, inda zai ga komai ba sai ya tsare kowa ba. Ka kuma gayyace shi taron duba aiki na ƙarshen zango, wato lokacin da tawaga ke ɗiba don kammala wani kashi na aiki, tunda zango ba ya wuce wata ɗaya.

Sai ka sauya salon taron. Jagorar Scrum ta 2020 ta cire tsofaffin tambayoyi ukun nan: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Ku bi allo, ku fara da aikin da ya kusa kammala. Gardamar fasaha in ta taso, a ajiye ta sai an tashi.

In wata ta ce kwana uku ke nan tana jiran izinin shiga sabar gwaji, wato kwamfutar da ake gwada manhaja a kanta, kada ka tsaya a rubutawa. Tashi ka bi mai ba da izinin a ranar, gobe da safe ka faɗa wa tawagar inda maganar ta kwana.