Kafin ka sayi sabon tankin babur

Ka samo tsohon Jincheng ko Boxer, tankinsa ya yi tsatsa? Kada ka yi saurin sayen sabo.

Kwance tankin, ka tsiyaye fetur ɗin tas. Zuba masa ƙananan notuna, kamar cikin tafin hannu guda, da rabin litar kananzir, ka toshe bakin, ka yi ta girgizawa.

Notunan ne ke kankare tsatsar da ke toshe kabureta har babur ya riƙa shaƙewa a hanya.

Ka ƙirga su kafin ka zuba! Ni guda ya maƙale min, sati guda ina jin ƙwaram-ƙwaram.

Ɗauraye da sabon kananzir, ka shanya a rana.

In tankin ya huje kuwa, sai mai walda, shi ma bayan warin fetur ya fita sarai, don tururinsa na kama wuta.