Kurakuran da Muke Yi Wajen Jera Ƙarfin Jarumai a Overwatch da Marvel Rivals

A Kano yawancin masu gem ƙwallo suke bugawa, ko kuma harbi a waya irin su Call of Duty Mobile, PUBG da Free Fire. Amma akwai 'yan tsiraru, galibinsu ɗaliban jami'a da samarin da suka haɗa kwamfuta ko suka mallaki PS5, waɗanda suka rungumi wasannin harbi na ƙungiya, inda kowa yake zaɓar jarumi mai makaminsa da baiwarsa. Overwatch na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2016, shi ne babba a cikinsu, sai Marvel Rivals na NetEase da ya zo a Disambar 2024. Duk inda waɗannan samari suka haɗu, musu ɗaya ne ba ya ƙarewa: wane jarumi ne ya fi ƙarfi? Nan take wani zai zaro waya ya nuna jadawalin da ake kira tiya lis, mai S a can sama, A a ƙarƙashinta, har zuwa D, ya ce, "Mutumina, ga shi nan, ba ni na faɗa ba."

Jadawalin yana da amfani, ni ma ina duba shi. Abin da yake damuna shi ne yadda muke karanta shi, domin na ga mutane masu hannu sosai sun daina jin daɗin wasan saboda sun bi jerin da ba don su aka rubuta ba.

Babban kuskure, wanda sauran duka suke fitowa daga cikinsa, shi ne ɗaukar jadawalin ƙwararru a ɗora wa kai. Wanda ya rubuta jerin nan yawanci yana matakin Grandmaster ko Champion, wato matakan ƙoli na 'yan wasa, ko kuma gasar ƙwararru ya kalla, irin Overwatch Champions Series da ta maye gurbin Overwatch League a 2024. A can mutum biyar ne da suke atisaye tare kullum, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai taka kafin ya taka. Kai kuwa kana ƙananan matakai irin Silver ko Gold, an haɗa ka da baƙi huɗu da ba sa ma kunna makirufo. Dubi Lúcio na Overwatch. Ya daɗe yana cikin waɗanda ƙwararru suka fi so, saboda yana ƙara wa ƙungiya sauri ta auka wa abokan gaba lokaci guda. Idan ƙungiyar a warwatse take, kowa ya kama gabansa, wa za ka ƙara wa saurin? Moira kuwa ba kasafai take kai saman jerin ƙwararru ba, amma a ƙananan matakai tana ɗaukar wasa a kanta, don tana jinya da yawa, ba ta buƙatar saiti mai tsanani, kuma tana iya sulalewa idan an matsa mata. Haka Bastion da Reaper: suna cin karensu babu babbaka a inda mutane ba su iya fakewa ba, amma su sha wuya a sama.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Sojourn lokacin da Overwatch 2 ya fito a Oktoban 2022. A manyan matakai ta zama annoba, domin mai saiti yana iya kwantar da mutum da harbi ɗaya a ka, har kamfanin ya rage mata ƙarfi. A ƙasa kuwa ba ta taɓuka abin kirki ba, tunda harbin nan ba ya samun kan kowa. Jaruma ɗaya, wata ɗaya, amma S a wani wuri, C a wani. Zanen aro ba ya rufe katara. Kafin ka karɓi kowane jeri, nemi inda marubucin ya faɗi matakin da yake nufi. In bai faɗa ba, ɗauka na 'yan sama ne, ka nemi wanda aka yi wa matakinka.

Sai batun kwanan wata, wanda gyaransa ba shi da wuya. Waɗannan wasanni ana sabunta su a kai a kai, kowace kaka, wato sabon zangon wasan, ana ƙara wa wasu ƙarfi a rage wa wasu. A Overwatch, Mauga da ya zo a Disambar 2023 ya gagari kowa na ɗan lokaci kafin a sassabe shi. A Fabrairun 2024 aka ƙara wa dukkan jarumai jini, aka kuma ƙara girman harsasai, abin da ya sauya lissafin kowa. A Marvel Rivals, Hela da Hawkeye ne suka addabi mutane a farkon fitowarsa, daga baya aka taɓa su. Bidiyon da ya yi wata huɗu tarihi ne. Duba lambar kakar da ke jikin jerin, ka gwada da wadda ke kan allonka, in ba su zo ɗaya ba ka wuce.

Yanzu ga wanda ya fi shafarmu, kuma babu marubucin jadawali a Koriya ko Amurka da zai tuna da shi: jinkirin netwok, wato fing. Babu sabar waɗannan wasanni, wato babbar kwamfutar da wasan yake gudana a kanta, a kusa da mu. Duk maɓallin da ka danna a Tarauni ko Rijiyar Zaki, saƙon sai ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya. Shi ya sa fing ɗinmu yakan wuce 100, alhali Bature da kake karawa da shi yana iya zama a 20 ko 30. Wannan bambanci ba ya taɓa jarumai daidai wa daida, kuma nan ne ya kamata mu natsu.

Overwatch yana fifita mai harbi. Idan a allonka ka samu mutum, galibi wasan zai karɓa ko da saƙonka ya ɗan makara. Saboda haka jarumi irin Soldier: 76 ko Cassidy bai lalace sosai a hannunmu ba. Waɗanda suke shan kashi su ne masu rayuwa da dannawar ceto a daƙiƙar ƙarshe. Tracer tana da ɗan jini, tsirarta tana kan komawa baya kafin harsashi na ƙarshe ya same ta. Genji sai ya ɗaga takobi ya mayar da harbi a daidai lokacin. Kiriko sai ta jefa layarta kafin bugu ya sauka, Zarya ta rufe abokinta da kumfa, Mei ta shige ƙanƙara. A fing mai yawa za ka danna, ka ji ƙarar baiwar ta fara, amma ka tarar ka riga ka mutu, ko ka mutu bayan ka shige lungu. Ba hannunka ne ya gaza ba, a wurin saba an gama da kai kafin saƙonka ya iso. To idan jeri ya sa Tracer a S, kai a nan sauke ta mataki ɗaya ko biyu a lissafinka, sai fa in ka koyi dannawa da wuri, wato ka hango haɗari maimakon jiran ganinsa. Waɗanda ƙarfinsu yake kan tsayuwa a wurin da ya dace da sanin lokacin shiga, irin Sigma, Orisa, Winston, Torbjörn, Symmetra da Moira, su kuma ɗaga su sama kaɗan.

Ƙarfin na'ura ma yana cikin wannan lissafi. Da yawanmu laftof muke amfani da ita, ko kwamfutar da aka harhaɗa da kayan hannu, ga zafin Afrilu da yake sa inji ya rage gudu da kansa. Idan hotonka yana tsattsayawa, jarumin da yake buƙatar saiti na ƙiftawar ido kamar Widowmaker ba naka ba ne tukuna. A farkon Marvel Rivals har an gano cewa wasu jarumai, ciki har da Doctor Strange da Wolverine, motsinsu ko dukansu yana raguwa a kwamfutar da ba ta da saurin hoto, kamfanin ya amsa kuma ya gyara. Rage kyan hoto zuwa mafi ƙanƙanta, haɗa waya daga rauta zuwa na'ura in da hali, sannan ka yi wa jarumi hukunci. Haka kuma mai wasa da hannun PS5 kada ya ɗauki jerin masu linzami da kibod. Pharah da sauran masu tashi sama sun fi wahalar harbowa da hannun gem, don haka darajarsu ta fi yawa a can.

Akwai kuma masu cewa su ba ruwansu da ra'ayin kowa, alƙaluma kawai suke bi. Niyyar mai kyau ce, amma alƙaluman nasara suna yaudara idan ba a san yadda aka same su ba. Symmetra da Torbjörn sun saba nuna kaso mai yawa na nasara. Dalili shi ne ba kowa ke ɗaukarsu ba sai waɗanda suka ƙware a kansu, ana fito da su a filin da ya dace da su, kuma da wasa ya fara lalacewa sai a sauya su. Jarumin da kowa yake ɗauka kuwa, irin Ana, sau da yawa yana ɓangarorin biyu, ɗaya ta ci ɗaya ta faɗi, sai kason ya tsaya kusa da rabi komai ƙarfinta. Kada ka kalli kason nasara shi kaɗai. Haɗa shi da yawan ɗauka, da yawan haramtawa, kuma duka a matakinka.

Haramtawar nan ma mutane suna mantawa da ita. Tun Afrilun 2025 ana cire wasu jarumai kafin a fara wasan mataki a Overwatch, Marvel Rivals kuwa da tsarin ya zo, da farko daga Diamond, daga baya aka sauko da shi Gold. Wanda ya zuba duk lokacinsa a kan jarumi ɗaya tilo don yana S, ranar da aka cire shi sai ya zama ɗan kallo. Riƙe biyu ko uku a rukuninka, ko tanki mai tare wa ƙungiya hari, ko mai duka, ko mai jinya, waɗanda ba abu ɗaya ke kashe su ba.

Wani kuskuren shi ne auna jarumi shi kaɗai, kamar dambe za a yi mutum da mutum. Wasan na ƙungiya ne, kuma tarihin Overwatch ya nuna haka ƙarara. Bayan fitowar Brigitte a 2018 aka samu tsarin da ake kira GOATS, tankoki uku da masu jinya uku, babu mai duka ko ɗaya. Reinhardt, Zarya, D.Va, Lúcio da Brigitte su ne ginshiƙansa. Ba don kowannensu ya fi kowa ba ne tsarin ya gagara, haɗuwarsu ce ta gagara, har sai da Blizzard ta tilasta biyu-biyu-biyu a 2019, wato mutum biyu daga kowane rukuni, lokacin da ƙungiya take da mutum shida. A Marvel Rivals babu wannan tilas, shi ya sa aka yi yayin masu jinya uku, inda Luna Snow, Mantis da Cloak & Dagger suke karɓa-karɓa da manyan baiwarsu har ƙungiya ta ƙi mutuwa. Ga kuma haɗin gwiwa da wasan ya gina, inda wani jarumi yake samun ƙarin baiwa idan wani takamaimai yana ƙungiyarsa. Jeri mai layi ɗaya ba zai iya nuna wannan ba.

Fili ma haka. Reinhardt sarki ne a lungunan King's Row, inda dole a gwabza kusa da kusa. Kai shi Watchpoint: Gibraltar mai tuddai da benaye, sai ya tsaya a ƙasa yana kallon Winston da D.Va suna tsalle a kansa. A Circuit Royal da Havana, masu dogayen tituna, Sigma da Widowmaker ne suke da magana. Sannan kowa yana da maganinsa: wutar Zarya tana ratsa kariyar D.Va, gurnetin Ana yana hana Roadhog da Mauga shan magani, layar Kiriko tana wanke gurnetin Ana, Winston yana hana Widowmaker sakat, Reaper da Bastion kuma suna narkar da Winston. Wanda ya haddace wannan sarƙa ya fi wanda ya haddace S da A amfani a ƙungiya. Idan ka mutu sau biyu a hannun abu guda, tambayar ita ce wa ke maganin wannan, ba wa ke saman jeri ba.

Zan ɗan tsaya a kan Doomfist, don na san dalilin da ya sa namu suke sonsa. A labarin wasan ɗan Najeriya ne, Akande Ogundimu, kamar yadda Orisa ta fito daga Numbani, birnin da aka ƙirƙira a yammacin Afirka. Son nasa ba laifi ba ne, kuma ba zan ce kowa ya bar shi ba. Amma a sani cewa yana cikin tankoki mafi wuyar sarrafawa, yana buƙatar lokaci daidai wajen shiga da fita, kuma fing yana cutar da shi. Mai sonsa ya koye shi a wasan da ba na mataki ba har hannunsa ya faɗa, kada ya mai da abokan ƙungiyarsa filin gwaji.

Wannan ya kawo ni ga halin da ya fi ɓata min rai: zagin abokin wasa don ya ɗauki wanda jeri ya sa a ƙasa. Tun ba a buɗe ƙofa ba wani zai rubuta cewa an faɗi. Mutumin da ya yi wata shida yana wasa da jarumin C zai fi wanda ya ɗauki na S jiya da dare, a kusan kowane mataki ƙasa da Master. Tazarar da ke tsakanin layukan jadawali ƙarama ce idan aka gwada da tazarar da ke tsakanin hannun da ya saba da wanda bai saba ba. In kana da shawara, ba da ita bayan an ga yadda karon farko ya kaya, kuma da lafazi mai kyau: "Ɗan'uwa, Pharah ɗin nan ta dame mu, ko za ka gwada Soldier?" Mutum ya fi saurin sauyawa idan an roƙe shi.

Abin da nake ba abokai shawara shi ne kowa ya rubuta nasa jerin. Ɗauki jarumai uku ko huɗu na rukunin da ka fi bugawa, ka yi wasa 20 zuwa 30 da kowanne, ka riƙa rubuta fili, sakamako, yawan mutuwarka, da fing ɗin wannan daren. Cire wasannin da wuta ta ɗauke ko data ta ƙare a tsakiya, domin ba su faɗi komai game da jarumin ba. Ware na dare da na rana, tunda netwok yakan cunkushe bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Idan kuna da ƙungiyar da kuke haɗuwa a Discord ko WhatsApp, ku haɗa bayananku wuri ɗaya, ku sake dubawa duk lokacin da sabuwar kaka ta shigo.